BABA YA CIKA SHEKARA TAMANIN: WA AKE YI WA BIKIN?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah mai rayawa mai kashewa, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammad (SAW) da alayensa da sahabbansa.



'Yan'uwa, akwai wata al'ada da take ta shigowa gidajenmu a ƙasar Haɗejiya. Da a Legas da Abuja muke jin labarinta, yanzu kuwa ta iso har cikin unguwanninmu. Baba ko Inna za su cika shekara saba'in ko tamanin, sai 'ya'yan da suke aiki a Kano da Dutse da Abuja su buɗe guruf a WhatsApp, a yanka wa kowa abin da zai bayar, a fitar da anko, a kama kanofi da kujeru, a sa rana. Daga nan sai gida ya rabu biyu. Wasu su ce, "Iyayenmu ne, gara mu faranta musu tun suna da rai, ba sai sun mutu a taru ana kuka ba." Wasu su ce, "Wannan bidi'a ce, koyi ne da Nasara, ba da mu ba." Kafin a ankara Yaya ya fice daga guruf, ƙanwa ta daina ɗaga waya, Goggo ta ɗau fushi. Shi kuwa tsohon da ake rigimar a kansa yana zaune a zaure da carbinsa, bai ma san wainar da ake toyawa ba.

Tambayar da ake kawo wa malamai ita ce: halal ne ko haram? Za mu zo kanta. Amma akwai tambayar da ta riga ta, wadda in ba a amsa ta ba, fatawa ba za ta gyara gidan ba: wa ake yi wa bikin nan? Tsohon, ko mu?

RANAR DA AKE FAƊA A KANTA

Mu fara da ranar ita kanta. Mafi yawan dattawanmu ba su san ranar da aka haife su ba, kuma wannan bai taɓa rage su da komai ba. Ka tambayi tsohuwa a Auyo ko Guri ko Kafin Hausa shekarunta, ba za ta ba ka lamba ba. Za ta ce maka an yi mata aure shekarar kaza, ta yi haihuwar fari shekarar canjin kuɗi, wato 1973 da naira ta maye gurbin fam, ta yaye autanta shekarar da aka yi fari dabbobi suka ƙare. Da abin da ya faru suke ƙirga, ba da kalanda ba. Ranar da take jikin katinsu kuwa, sau da yawa wani ma'aikaci ne ko ɗa ya ƙiyasta ta lokacin cike takarda, shi ya sa za ka ga tsofaffi da yawa wai duk ranar 1 ga Janairu aka haife su.

Sannan ko da an san ranar, da wane lissafi? Shekarar Hijira ta fi ta boko gajarta da kwana goma ko sha ɗaya. Wanda ya cika 80 a lissafin boko, a lissafin Musulunci ya haura 82 da watanni. Wanda ya cika 70 ya riga ya wuce 72. To kun ga, ranar da 'yan uwa ɗaya uba ɗaya suke yanke zumunci a kanta, ita kanta ba ta da tabbas.

Abin da yake da tabbas shi ne abin da tsohon ya gani. Ɗauki wanda aka haifa a 1945 a garin Haɗejiya. An haife shi zamanin Sarki Usman. Yana yaro Sarki Haruna ya hau a 1950, ya ga hawan Sarki Abubakar Maje a 1984, ya ga hawan Mai Martaba Adamu Abubakar Maje a 2002. Ya taso ya tarar da tsofaffin da suka ga yaƙin 1906 da idonsu, ranar da Sarki Muhammadu Mai Shahada ya ƙi miƙa wuya ga Turawa. Ya san kogin nan kafin a gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ya san yadda ruwa yake hawa fadama ya koma a kan lokacinsa. Ya rayu a Jihar Arewa, ya rayu a Jihar Kano, ya rayu a Jigawa tun da aka ƙirƙire ta a 1991, duk bai bar ƙofar gidansa ba. Irin wannan mutum za a zaunar a kan kujerar roba, a ɗora masa wuƙa a hannu a ce ya yanka kek ya kalli kyamara, a tashi taro ba wanda ya tambaye shi komai?

ABIN DA MALAMAI SUKA CE

Maganar gaskiya, malaman wannan zamani sun yi saɓani a kan bikin zagayowar ranar haihuwa. Sheikh Ibn Baz da Sheikh Ibn Usaimin da Kwamitin Fatawa na Saudiyya sun hana. Hujjarsu ita ce duk ranar da ake maimaita murnarta a kowace shekara ta zama idi, idi kuwa shari'a ce take sanya shi. Suna kafa hujja da hadisin Anas da Abu Dawuda da Nasa'i suka ruwaito, cewa Annabi (SAW) ya tarar da mutanen Madina da ranaku biyu na wasa, sai ya sanar da su Allah ya musanya musu da Ƙaramar Salla da Babbar Salla. Suna ƙarawa da hadisin Ibn Umar a Abu Dawuda da yake gargaɗi a kan kamanceceniya da wasu mutane a abin da ya keɓanta da su.

Hukumar Fatawa ta Masar da wasu malamai kuma sun halatta. Suka ce wannan al'ada ce, ba ibada ba ce, asalin al'ada kuwa halacci ne matuƙar ba a haɗa ta da saɓo ba. Suna kawo hadisin Abu Ƙatada a Sahihu Muslim, inda aka tambayi Annabi (SAW) game da azumin Litinin, ya ambaci cewa a ranar aka haife shi. Suka ce ashe tuna ni'imar haihuwa da godiya yana da asali. Na farkon suka amsa musu: to ai da azumi ya gode, ba da walima ba.

Abin da na fi natsuwa da shi, kuma nake ba 'yan'uwa shawara a kai: a bar siffar da aka aro. Kyandir, da waƙar da ake rerawa, da tsayar da rana guda da za a riƙa maimaitawa duk shekara kamar salla, duk a ajiye su. Wanda ya bar su ya fita daga saɓanin malamai bai rasa komai ba. Amma tara dangi a gaban tsoho, a ci abinci, a yi masa addu'a, a gode wa Allah da ya ja kwanansa, wannan ban san malamin da ya hana shi ba. Sunansa sada zumunci, sunansa ciyarwa, sunansa kyautata wa iyaye. Ba ya bukatar ranar haihuwa. A yi shi da hutun salla, ko bayan an kai amfanin gona gida, ko duk lokacin da mutane za su iya haɗuwa.

Wato abin da ɓangarori biyun nan suke so, in da gaske suke, yana iya haɗuwa a tabarma ɗaya. Abin da yake hana shi haɗuwa ba fiƙihu ba ne. Son rai ne.

MENE NE SHEKARA TAMANIN?

Tirmizi da Ibn Majah sun ruwaito daga Abu Huraira cewa shekarun wannan al'umma tsakanin sittin ne da saba'in, kaɗan ne suke wucewa. Annabi (SAW) da kansa yana da 63 ya koma ga Ubangijinsa. Don haka duk gidan da yake da tsoho ɗan tamanin, an ba su abin da ba a ba mafi yawan mutane ba. Tirmizi ya kuma ruwaito cewa mafi alherin mutane shi ne wanda ya yi tsawon rai aikinsa ya yi kyau. Wannan fuskar ni'ima ke nan.

Akwai ɗaya fuskar. Buhari ya ruwaito cewa wanda Allah ya jinkirta masa har ya kai sittin, ya yanke masa uzuri. A Suratur Rum aya ta 54 Allah ya tsara mana rayuwar ɗan Adam: rauni, sai ƙarfi, sai kuma rauni da furfura. Shekara tamanin ba kofi ba ne da mutum ya ciyo. Rance ne da aka tsawaita wa'adinsa, kuma wa'adin ya matso.

Tsofaffinmu sun fi mu sanin wannan. Shi ya sa in ka ce wa dattijo "Baba, Allah ya ƙara shekaru," sau da yawa zai ce maka, "A'a, ka dai roƙa mini cikawa da imani." Duk taron da za a yi masa, in bai dace da halin da zuciyarsa take ciki ba, to ba shi aka yi wa ba. Mutum yana shirin tafiya, ku kuna ɗauko masa masu kiɗa.

WANDA TSUFAN YA SAME SHI A HANNU

Ku buɗe Suratul Isra'i, aya ta 23 da ta 24. Allah ya haɗa umarnin kaɗaita shi da bauta da umarnin kyautata wa iyaye, sannan ya ware lokacin tsufa ya yi magana a kansa. Ku lura da kyau, ayar tana maganar tsufan da ya riske su suna wurinka ne, a hannunka. Sai ta hana ko da mafi ƙanƙantar kalmar ƙosawa, ta hana tsawa, ta yi umarni da magana mai girmamawa da ƙanƙan da kai da addu'ar rahama.

Wa yake ƙosawa da tsoho? Ba wanda yake zuwa sau ɗaya a shekara ba. Shi wannan ai da fara'a zai zo, da fara'a zai koma. Wanda yake ƙosawa shi ne wanda aka yi wa tambaya ɗaya sau biyar tun safe. Wanda aka tasa ƙarfe biyun dare a kai tsoho banɗaki. Wadda take wanke shimfiɗa kullum, take dama kunu a ce ya yi kauri, ta sake a ce ya yi ruwa. Ayar tana gaya mana inda ake auna biyayya: a ranakun da ba mai ɗaukar hoto.

A kusan kowane gida akwai wannan mutumin. Wani lokaci ɗan da bai yi boko mai zurfi ba ne, ya zauna yana noman shinkafa da alkama a fadama ko yana sana'a a kasuwar kifi, 'yan'uwansa suka tafi birni. Wani lokaci 'yar da aurenta ya mutu ta dawo gida. Sau da yawa ma matar ɗa ce, wadda ba ita aka haifa a gidan ba. Ranar biki ina suke? Shi yana can yana jera kujeru, ita tana bakin murhu tun asuba hayaƙi ya rufe mata ido. Waɗanda suka sauka daga mota jiya da yamma su ne a gefen Baba a cikin hoto, su ne suke jawabi. Wani ma kafin ya tafi sai ya yi faɗa: me ya sa Baba ya rame, me ya sa ɗakin yake wari?

Haba 'yan'uwa. Wallahi in akwai wanda ya cancanci a karrama ranar nan bayan tsohon, to wannan ne. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya maimaita har sau uku yana bayyana taɓewar wanda ya riski iyayensa, ɗaya ko duka biyun, a halin tsufa amma bai shiga Aljanna ta dalilinsu ba. Wannan ƙofa ba a shigarta da kuɗin anko. Mai jinya yana shigarta kullum, kai kuma kana leƙowa shekara-shekara.

Ban ce zama a birni laifi ba ne. Neman halal wajibi ne, kuma da yawa da abin da na birni suke aikowa ake cin abinci a gida. Amma kowa ya yi wa kansa hisabi. A aya ta 26 da ta 27 na wannan sura dai, bayan maganar iyaye kaɗan, Allah ya yi umarni a ba ɗan'uwa na kusa haƙƙinsa, ya kuma hana almubazzaranci, ya danganta masu yinsa da shaiɗanu. Ku ɗauki takardar lissafin bikin ku ajiye kusa da wannan. Nawa aka ware wa kanofi da mai hoto da kalandar rabo? Nawa aka ware wa maganin hawan jinin da yake yankewa tsakiyar wata? Baba ya shekara biyu yana lalube saboda yanar ido, aikin da likitoci suke yi cikin ƙanƙanin lokaci mutum ya koma karanta Alƙur'aninsa, ba a haɗa kuɗin ba, amma an haɗa na kek mai hawa uku, shi kuwa yana da ciwon suga ko ɗanɗanawa ba zai yi ba. Inna tana kwana a ɗakin da yake yoyo tun daminar bara. To wa aka yi wa bikin?

ZUMUNCI KAMAR HANYAR RUWA NE

Mu mutanen bakin kogi mun san wani abu. Duk wanda yake noma ko su daga Haɗejiya zuwa Kiri Kasamma, Guri har Nguru ya san ciyawar kacala. Ba rana ɗaya take toshe hanyar ruwa ba. A hankali take yi, yau kaɗan gobe kaɗan, har a wayi gari ruwa ya daina zuwa inda ake bukatarsa, ya juya ya shiga inda zai yi ɓarna. Mun kuma ga ambaliyar 2020 da ta 2022, yadda matasa suka kwana suna cika buhuna da ƙasa suna tare jinga. Kowa ya san jingar da aka kula da ita tun rani ita take tsayawa, ba wadda aka tuna da ita ranar da ruwa ya iso ba.

Haka zumunci yake. Ƙaramin ɓacin rai a kan gado, maganar da kishiyoyi suka bar wa 'ya'ya, bashin da ba a biya ba, su ne kacalar gida. Taron yini ɗaya ba ya cire su. Wani lokaci ma shi yake fasa jingar: 'yan ɗakin nan sun fi ba da kuɗi, 'yan ɗakin can ba a sa sunansu a kalanda ba. Bahaushe ya ce zumunci a ƙafa yake. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Kiran waya duk Juma'a ya fi walimar shekara goma sau ɗaya.

Duk da haka kada a raina taron. Tsoho yana son ya ga zuriyarsa a wuri ɗaya. Yana son jika ya zo ya tsokane shi, ya ce ya ƙwace masa mata, a yi dariya. Yana son a ɗora masa tattaɓa-kunne a cinya. Akwai jikokin da aka haifa a Abuja da Fatakwal waɗanda ba su san Baffansu ba, ba su san hanyar gidan Kawu ba, in ba a haɗa su yanzu ba, a makabarta za su fara ganin juna. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa sada zumunci yana jawo yalwar arziki da jinkirin ajali. Ku duba ikon Allah: tsawon ran da ake murnarsa, zumunci yana cikin sababansa.

GA MAI CEWA "BA DA NI BA"

Ɗan'uwa, kishin sunna abu ne mai kyau, Allah ya ƙara maka. Amma ka tsaya ka duba. Hukuncin bikin ranar haihuwa malamai sun yi saɓani a kansa. Yanke zumunci ba su yi saɓani a kansa ba: Buhari da Muslim sun ruwaito daga Jubairu bin Muɗ'im cewa mai yanke zumunci ba zai shiga Aljanna ba. Ƙaurace wa ɗan'uwa Musulmi fiye da kwana uku ba su yi saɓani a kansa ba. Saɓa wa iyaye yana cikin manyan kaba'irai. Kada ka guje wa abin da ake saɓani a kansa ka faɗa cikin wanda ba a saɓani. A Suratu Luƙman aya ta 15, iyayen da suke matsa wa ɗansu ya yi shirka ma, cewa aka yi kada ya bi su a kan wannan, amma ya zauna da su da kyautatawa. To ina ga uwa mai salla wadda kawai take son ganin 'ya'yanta?

In ba ka yarda da kek da kiɗa ba, faɗi da ladabi, a keɓe, ba a gaban ƙanne ba. Sannan ka kawo abin da ya fi. Ka ce, "Yaya, nawa kason a sa a aikin idon Baba." Ka riga kowa zuwa gida, ka gaida tsohonka, ka zauna da shi. Amma a ce kai ba ka ba da na biki ba saboda bidi'a ne, ba ka ba da na magani ba, ba ka kuma zo ba, to ka binciki zuciyarka, kada rowa ta sa rawani ta ce ita sunna ce.

IN ZA A TARU

Na ɗaya, a tambayi mai abin. "Baba, me kake so?" "Inna, wa kike son gani?" Za ku sha mamakin amsar. Wata ƙawarta ce ta ƙuruciya a Malam Madori ko Birniwa take son a kai ta ta gani. Wani so yake a biya masa wani tsohon bashi da ya tsaya masa a rai. In ya ce ba ya son taro, a bar shi, biyayya ke nan.

Na biyu, a fara da bukata kafin ƙawa: magani, ido, ɗaki, abinci, da wanda zai riƙa biyan su kowane wata bayan an watse.

Na uku, a raba jinya. A zauna a tsara wa zai zo wane wata, a sauke wa mai kula da shi nauyi, a yi masa godiya a gaban kowa, a ba shi kyauta ta mutunci.

Na huɗu, kada a yanka wa talakan gida abin da ba zai iya ba, kada anko ya hana wani zuwa don kunya.

Na biyar, a kiyaye iyakokin Allah: ba cakuɗuwar maza da mata, ba wasa da lokacin salla, ba yaɗa hoton tsohuwa a duniya ba da izininta ba.

Na shida, a gayyato abokansa da suka rage da 'ya'yan waɗanda suka rasu. Muslim ya ruwaito daga Ibn Umar cewa sada abokan uba yana cikin mafi girman biyayya. A tuna da maƙwabta da almajirai a rabon abinci.

Na bakwai, a ba shi magana. A yi shiru a saurare shi. Ya faɗi asalin gidan, ya faɗi iyakar gona, ya faɗi abin da ake binsa da abin da yake bi, ya yi wasiyya, ya sulhunta waɗanda ba sa ga maciji, ya sa albarka. Sannan kowa ya durƙusa ya nemi gafararsa tun yana iya cewa "na yafe."

Wanda kuma iyayensa suka riga mu gidan gaskiya, ƙofa ba ta rufe ba: addu'a, sadaka, biyan bashinsu, da riƙe 'yan'uwansu.

Allah ya jiƙan iyayenmu kamar yadda suka rene mu muna ƙanana. Waɗanda suke raye Allah ya ba su lafiya, ya sa su gama da mu lafiya, ya cika mana da imani baki ɗaya.

Wallahu a'alam.